Fuskar Shefali a Yumɓu

Zuwa ga Babana, Nitai Pal, a Nabadwip.

Na taɓa ƙafafunka da girmamawa. Yaya rawar hannun? Kana shan maganin, ko kana zuba wa shukar Kawu?

Baba, na gama mutum-mutumin Uwa Durga, abar bautarmu, da 'yan unguwa suka sa mu yi na bikin bana, na farko da na ƙera ba ka a shago. Da na zana idanun na ja da baya, na dube ta. Fuskar Ma ce, marigayiya mahaifiyata. Har ɗage girar nan da take yi in ka shigo mata ɗaki da laka. Ban yi da niyya ba.

Ran ƙarshen biki za su jefa ta a kogin Ganga, kamar kowace shekara. Ba zan iya ba. Zan ɓoye ta, in yi musu wata. Tun jiya ma na daina karanta baitocin safe.

'Yarka,
Mridula

Uwata Mridula,

Albarkata gare ki. Maganin ina sha, shukar ma tana samun rabonta.

Wasiƙarki ta sa ni kuka, ta kuma sa ni dariya. Mahaifiyarki Shefali da ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba, ita za ki lulluɓe da buhu a kusurwar shago? Da kin sha faɗa! Taurin kai kuwa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tun kina goye kike jin ina rera baitocin littafi mai tsarki kafin in taɓa yumɓu. Ma'anarsu kin sani: aikin hannunmu na Ubangiji ne, abin da aikin ya haifar ma nasa ne. Kin rera su safiyar da kika fara wannan aikin, ko ba haka ba? To kin riga kin bayar. Ba a ba da kyauta a bi ta a baya.

Ban ce da sauƙi ba. Ni ma ina kewarta, kullum. Ba zan tilasta miki ba, shagon naki ne yanzu.

Babanki

Baba,

Na taɓa ƙafafunka.

Na ba su ita. Na bi ganguna har bakin kogi, na fara rera baitocin, muryata ta karye a tsakiya. Wata tsohuwa da ban sani ba ta riƙe hannuna ta ƙarasa mini.

Ranar da kuka kai gawar Ma bakin ruwa, an ce mata ba sa zuwa, na tsaya a ƙofar gida ina kallon bayanku. Wannan karon ni na raka ta, har ruwa ya kai mini ƙirji.

Mridula