Hoton da Ya Kashe Baba Dodo

Zinder, ran Litinin

Zuwa ga ƴata Barira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da karatu da zaman Yamai. Innarki Delu na gaishe ki. Mu nan lafiya lau, in ban da ni ubanki da na kashe mutum ran Alhamis da babban yatsana. Kada ki firgita, mamacin yana nan yana shan furarsa. Takarda na rubuto miki don na kashe waya, zagin da ke shigowa ya fi ƙarfin batir.

Kin ji rasuwar Baba Nomau a ƙauyenmu na bayan Zermu, Allah ya jiƙansa. Kin kuma san tun farkon kampanye na rufe keken ɗinki na bi Safiyanu, mai neman kujerar depite a majalisa, saboda ya kira ni shugaban yaƙinsa na karkara. Mutum irina da aka kora daga lakwal a aji huɗu, ka ce masa shugaba, ai ka gama da shi. Na sami Safiyanu na ce ya tashi a je gaisuwa, gidan Nomau kaɗai ƙuri'a ta haura arba'in. Ko ɗago kai daga waya bai yi ba. Wai zamanin ƙona esansi a mota ya wuce, mutum dubu goma ke bin sa a Fesbuk, in turo hoto kawai.

Hoto ɗaya gare ni, na Sallar bara: Nomau da ƙanensa Baba Dodo zaune kan tabarma. Na tura. Masu kula masa da shafi suka raba hoton biyu, suka yar da mamaci, suka ɗauki mai rai. Safiyanu ya rubuta a ƙasa wai ya yi rashin uba, a gaban wannan dattijo ya girma. A gabansa! Ko sunan bai sa ba, don bai san shi ba.

Ni kuwa gwanin aiki, tabarau na cikin aljihu don kada a ce na tsufa, na hango rawani da farin gemu, na watsa shi guruf bakwai na Wasap kafin shayina ya huce. Dangi na nesa suka ɗauka baƙin ciki ne ya sa ƙane ya bi wansa. Indo, ƴar Baba Dodo da ke aure a Kano, ta taso da cikinta wata bakwai tana kuka a mota, ta faɗo gida da salati, ta tarar da ubanta yana alwala. Nan ta zube. Allah dai ya tsare cikin.

Barira, abin da ya ƙona mini rai ba kuskuren ba ne. Da na koma wa Safiyanu, sai ya juyo mini waya yana murmushi, wai in duba, mutum ɗari takwas sun ɗaga wa hoton yatsa, bai taɓa samun haka ba. Ya goge, ya yi vokal, wato saƙon murya, na ban haƙuri, ya ce in kai ƙauye in kunna musu. Mutumin da ke so ya zauna majalisa da sunanmu ya kasa zama kan tabarmarmu minti goma! Na ce ya nemi wani ɗan aike.

Baba Dodo ya aiko da amsa ta bakin mai motar Mirriya: tunda ɗan takara ya binne shi, matacce ba ya zaɓe, iyalan mamaci kuma ba su fita.

Ki yi karatu, ki riƙe salla. Allah ya yi miki albarka.

Ubanki,
Lawali

Zinder, ran Laraba

Barira,

Takardarki ta iso, na ji daɗin jin kina lafiya. Mu ma alhamdu lillahi.

An yi zaɓe, mutumin ya sha ƙasa. A ƙauyenmu ƙuri'a uku ya samu, kuma har yau ana neman ko su wa. Dubu goman nan nasa, wasu na Libiya, wasu na Kwatanu, wasu ko katin zaɓe ba su da shi. Yanzu yana can kan Fesbuk yana cewa an yi masa sata, suna ta ɗaga masa yatsa.

Amma ke kin iya tambaya irin ta alƙali. Layi ɗaya kika sa a ƙasa: ni fa, yaushe na je gaisuwar? Kwana biyu ina kewaya layin nan kamar kaza ta ga wuƙa.

Ban je ba, Barira. Ranar da aka kai Baba Nomau makwancinsa ina wurin mitin, na ɗaga waya sama ina ɗaukar bidiyo. Ran uku ma haka. Vokal na yi wa matarsa Inna Kellu, bai cika minti ɗaya ba, ganga na tashi a bayana. Ita ko waya ba ta da ita, ta maƙwabciya aka shigar mata har ɗakin takaba aka kunna. Baba Nomau kuwa shi ya sayar da damin gyaɗarsa ya saya mini keken da na ciyar da ku da shi shekara talatin. Na cika miki takarda da zagin Safiyanu, alhali shi bai ci komai na Nomau ba. Ni na ci.

An gaya mini abin da Inna Kellu ta ce bayan ta saurara. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi muryar Lawali ta iso, a ba ta ruwa ta sha, saura ƙafarsa.

Juma'a ake sadakar arba'in. Zan shiga motar farko. Innarki ta ɗaura mini goro da sukari, ta ce sauran kayan ni kaɗai zan ɗauka. Baba Dodo zai wanke ni tas a gaban jama'a, wannan zan iya, na saba. Inna Kellu da ba za ta ce mini komai ba, ita nake tsoro.

Ki sa ni a addu'a.

Ubanki,
Lawali