A Raba Zuciyata da Odar Tanimu

Zuwa ga Sarkin Tasha,
Shugaban direbobi da 'yan kamashon tasharmu,
Maiduguri.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da fatan kai da iyali da motocinka duk kuna lafiya. Ni ne Ilu Wanzami, Bakanon nan mai rumfa a gindin darbejiyar bakin tasha, mazaunin Abbaganaram. Ka san ni sarai, don kanka ma ya sha zama a hannuna, kuma ban taɓa taɓa maka kunne ba. Na kawo maka wannan kuka da baki, ka yi dariya har rawaninka ya karkace, ka ce in je in sha ruwa. Na sha ruwan, ranka ya daɗe, abin bai wuce ba. Shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani, domin maganar ta raina ce.

Na ɗaya. Ƙarar Tanimu direba na kawo, Bazazzagin nan mai jigilar banda zuwa Kano. Bara bayan Babbar Sallah ya sayi sabuwar oda a shagon Emeka mai kayan mota, irin wadda idan aka danna ta a tasha awakin Kasuwar Litinin ke tsinke igiya. Tun daga nan, duk ranar da ya shigo gari sai ya kashe inji tun daga nesa, ya bar motar ta gangaro shiru kamar kyanwa har bayan rumfata, sannan ya danna. Ranar farko ina tsakiyar yi wa Ba Modu dillalin kifi aski. Na ji ƙarar, na ji ƙirjina ya yi wani irin kaɗawa, idona ya yi duhu. Da na farfaɗo sai na gan ni a ƙasa, rigata sharkaf da ruwan randa, askata can gefe. Ba Modu kuwa ya riga ya kai bakin titi da rabin kai, haka ya je Juma'a da hula har kunne. Tun ranar bai sake zama a tabarmata ba, sai dai ya ɗaga mini hannu daga tsallake.

Na biyu. Ba na bukatar a tuna mini wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi. Mun tarar da shi, kuma ni ba rago ba ne a cikinsa. Tanimu yana kirana bawansa, ni ma ina kiransa bawana. Na taɓa bar masa tukku a ƙeya, ya je Jos ya dawo da shi bai sani ba, har yau ina alfahari da wannan aiki. Na san al'ada ta hana a yi fushi da abokin wasa, wanda ya yi fushi shi ne abin dariya. To, da wannan al'adar ake toshe mini baki. Duk wanda na kai wa kuka sai ya tambayi mutumin ina ne mai odar, da zarar na ce Zariya sai ya kwashe da dariya ya koma kan aikinsa. Kai ma haka ka yi.

Na uku, kuma a nan nake roƙon ka karanta a hankali. Ban zauna ba, na nemi magani. 'Yan uwana wanzamai sun kafa mini ƙaho har bayana ya cika da tabo. Malam ya ba ni rubutu na sha. Wata Bashuwa mai tallar nono ta ce iska ce, ta kawo mini turare, matata ta yi ta hayaƙa ɗaki har kaji suka ƙaura. Wasu suka ce farfaɗiya ce, masu aski suka fara tsoron hannuna. Daga ƙarshe Tanimun nan da kansa ya sa ni a gaban motarsa, kyauta, ya kai ni babban asibiti a Kano, yana tsokanata tun daga nan har can. Wani likita ya ɗaura mini wayoyi a hannu da ƙafa da ƙirji, injinsa ya zana bugun zuciyata. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi bayani ta bakin tafinta. Ya ce ba farfaɗiya ba ce, kuma ba a ɗauka. Zuciyar kowa, in ji shi, takan ɗan shirya bayan kowane bugu kafin ta sake wani, tawa kuwa tana daɗewa wajen shirin fiye da ƙima. Idan aka firgita ni ko na yi gudu, sai bugun ya rikice, jini ya kasa kaiwa kai, in faɗi. Ya ce shi ma ba da daɗewa ba ya san ciwon, kuma yakan bi jini, ya tambaye ni ko wani ya taɓa mutuwar fuju'a a gidanmu. Sai na tuna yayana Habu, ƙato lafiyayye, wanda aka yi tsawa wata damina yana ɗaure jaki, ya faɗi bai tashi ba. A gaban likitan nan na yi kuka, ban ji kunya ba. Ya ba ni ƙwaya, ya ce tana rage haɗari ne kawai. Abin da ya faɗa na ƙarshe ina riƙe da shi kamar yadda tafinta ya faɗa mini: "Sau da yawa zuciyar za ta dawo daidai da kanta. Wata rana ba za ta dawo ba."

Na huɗu. Na gaya wa Tanimu duk wannan a hanyar dawowa. Ya ce ai ya san Bakano da baki, har likita na zagaye da daɗin magana ya mai da tsoro ciwo. Da ya ga na dage, sai ya ɓullo da nasa likitancin. Wai maganin firgita shi ne sabo, saboda haka yanzu odar da yake danna mini taimako ne, kuma bai ce in biya shi ba. In na faɗi ma sai ya ƙara danna wata, wai don ta tashe ni. Abin ya yaɗu. Har wani direba Bahaɗeje da babu wasa tsakanina da shi ya fara, da na yi masa magana ya ce kakarsa ta wajen uwa 'yar Zariya ce. Ranka ya daɗe, idan ba ka tashi tsaye ba, kafin azumi duk tashar nan za ta zama Zagezagi. Yanzu da kunne ɗaya nake aski, ɗayan yana bayan rumfa. Ko keke ya yi ƙararrawa sai na ɗaga aska daga wuyan mutum.

Ga abin da nake roƙo. Ka tara direbobinka, ka gaya musu da bakinka, ba tare da murmushin nan naka ba, cewa daga darbejiyata zuwa ƙofar tasha babu oda. Idan an gan ni a ƙasa, kada a tsaya kwara mini ruwan randa ko kunna turare, a duba ko ina numfashi, a sa ni a mota zuwa asibiti. Kuma duk wanda ya karanta wannan, Babarbare ne ko Bahaushe ko waye, in a gidansu akwai mai faɗuwa idan an firgita shi, ko an taɓa rasa wani haka kwatsam, ya zo rumfata mu san juna. Tun da na dawo daga Kano ban sami mutum ɗaya da zan yi wa maganar nan bai yi dariya ba, kuma kaɗaicin yana damuna.

Ban ce a kori Tanimu ba, ban ce a ci shi tara ba. Ya ci gaba da kirana bawa, ya zagi tuwon Kano, ya ɓoye mini zabira, duk na ɗauka, kuma zan rama. Odar kawai nake so a raba ni da ita. Na san shi fiye da yadda ka san shi. Ranar da ya danna na faɗi ban tashi ba, shi zai fara durƙusawa a kaina yana kiran sunana, shi zai je ya yi sallama a ƙofar gidana ya gaya wa matata da 'ya'yana. Daga ranar ba zai sake iya taɓa sitiyari ba, kuma babu Bakanon da zai sake yi masa wasa. Mutumin kirki ne, ranka ya daɗe, wauta ce kawai ta yi masa yawa. Ka hana shi tun ina da bakin roƙa masa.

Allah ya ja zamaninka, ya kiyaye motocinka a hanya, ya ba ka zuciya mai bugu daidai.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ilu Wanzami,
Abbaganaram, Maiduguri.