Rijiyar da ke Ƙarƙashin Ɗakin Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da masu karatu, Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya. A sakaya sunana, kuma don Allah kada a yanke mini hukunci sai na kai aya.

Ni malamin allo ne a wani gari cikin ƙasar Kiru. Saboda hannuna yana da kyau a ajami, ni ake kira in rubuta takardar ciniki idan an sayi gida ko gona, har mai saye yakan ce in zaga tare da shi, don yana ganin malami ba zai ha'ince shi ba. Da ranin da ya wuce surukina, mahaifin matata, ya sa wani gidansa a kasuwa. Wani Bafulatani mai suna Buba, mai ruga a wajen Kwanar Dangora, ya sayar da shanu ya zo saye, saboda tsohuwarsa ta gaji da ƙaura, yana so ta zauna kusa da asibiti.

To, a gidan nan akwai tsohuwar rijiya. Na san ta, na sha jan ruwan alwala a cikinta. Da ta ƙafe aka cike ta da shara da ɓaraguzai, ba a bari ko damina ɗaya ta danne ƙasar ba, aka yi daɓen siminti aka ta da ɗaki a kai. Ranar dubawa Buba ya riƙa bin ɗakunan yana buga sandarsa a ƙasa, da ya zo nan sai ƙarar ta sauya, kamar an bugi ƙwarya. Ya dube ni ya kira ni yadda Fulani ke kiran malami, ya ce, "Modibbo, wannan fa? Ƙasar nan tana magana." Surukina yana bakin ƙofa da carbi a hannu, ya ce, "Sabon daɓe ne kawai. Ko ba haka ba, Malam?" Jama'a, yaya zan ƙaryata surukina, mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, a gaban baƙo? Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Baba." Buba ya yi dariya ya ce, "Ni saniya na sani, ban san siminti ba. Tunda Modibbo ya faɗa, shi ke nan." Da alƙalamin da nake rubuta ayoyin Allah na rubuta cewa gidan ba shi da ɓoyayyen aibu.

Makon jiya Buba ya kawo mini man shanu a ƙoƙo. Cikin hira ya ce, "Inna ɗakin nan ta zaɓa, wai ya fi sanyi. Sai dai daɓen ya tsage, ya ɗan lotsa daidai inda take shimfiɗa buzun salla. A sa mana albarka, zan sa a liƙe." Na ɗaga hannu na yi addu'a, wallahi ban san abin da bakina ya faɗa ba. Na je na durƙusa gaban surukina na gaya masa, ya ce, "Ciniki ya faɗa tuni. Ka tona mini asiri, kakan 'ya'yanka ka tona wa."

Yanzu damina ta yi tsakiya. Duk sanda hadari ya haɗu sai in kasa ɗaga ido in dubi gabas. Na san hukuncin ɓoye aibu, ni nake karantar da shi a zaure. In na yi magana, na kunyata surukina, kuma rubutuna ne zai fara ba da shaida a kaina. In na yi shiru, tsohuwar nan tana sujada sau biyar a rana a bakin rami.

Man shanun yana nan a rufe, na hana a taɓa. Me zan yi?