Yadda Muka Kai Inna Dubiya Hayin Kogi

Zuwa ga Yaya Sale,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Hajara da yara. Yaya Jos, yaya aikin kuza? Mu nan Turawa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Makon jiya na kai Inna ta dubo ƙanwarta Iya Dije, da ke kwance a ƙauyen nan na gindin dutse, gaba da Rogo. Guzurinmu kaɗan ne, sai muka hau bayan motar kaya, sauran tafiyar muka taka da ƙafa. Muka iske kogi ya cika, ga shi ba mu da kuɗin fito. Inna ta zauna tana hawaye.

Mai kwalekwalen, wani dattijo, ya ce, "Iya, ina zuwa?" Ta gaya masa. Ya ce, "Dije mai fura? Ku shigo, ba na karɓar kuɗin mai zuwa dubiya." Har ƙofar gida ya raka mu.

Iya Dije na ganin Inna ta yunƙura ta zauna, har ta sha kunu daga hannunta. Yanzu da sauƙi.

Ka sa dattijon nan a addu'a, Yaya, da mu baki ɗaya. A gaishe da kowa.

Ƙaninka,
Garba