Busar Begila Ranar Tafiya

Zuwa ga matata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yarinya. Yaya jikin Inna? Ƙafar ta fara taka ƙasa kuwa? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Ni lafiyata lau, in ban da kewarku. Kada ki yi mamakin ganin takarda: an karɓe wayoyin kowa a bariki, shi ya sa na ba direban motar burodi ya kawo miki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannuna ya fi sabawa da begila a kan biro.

Na san labari ya riga ni isa, tunda rediyon Inna ba ya hutawa. Gaskiya ne, bataliyarmu ce za ta tafi ƙasar waje, can inda Yayanki Saje ya je wancan karon. An yi mana allura, an raba sababbin jakunkuna, ni har takalmi na samu, sai dai ƙafar hagu ta fi ta dama girma.

Abin da ya sa aka karɓe wayoyin kuwa, ga shi. Muna kantin bariki ana kallon ƙwallo, sai mai kanti ya murɗa tasha, sai ga Janar ɗinmu cikin kaki, da wasu manya biyu a gefensa. A gaban duniya ya ce shi bai ga dalilin da gwamnati za ta kwashi yara ta kai su tsaron iyakar wasu ba, alhali tamu a buɗe take. Ya ce motocin da za a ba mu, rabinsu sai an tura suke tashi. Ya ce waɗanda suka mutu a wancan zuwan, har yau ba a gaya wa iyalansu inda aka binne su ba. Ba takarda yake karantawa ba, Auta. Na lura manyan nan biyu ba su ɗago kai ba sai da ya gama, sannan kowanne ya matso da bakinsa ya ce yana bayansa, kamar mai haɗiyar magani.

Ban taɓa jin kantin nan ya yi tsit haka ba, har ƙugin firij ana ji. Kuku ne ya fara magana, wai ashe manya ma suna da baki, shi ya ɗauka don cin nama kawai aka yi musu shi. Ba wanda ya yi dariya. Yayanki yana kusa da ni. Ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ko rabi bai sha ba, ya fita. Kin san shi, ko a jana'iza ya gan ni sai ya ce Zakara, yau ma ka hana mu barci. Ran nan ko kallona bai yi ba. Washegari aka karɓe wayoyin, kada a ji a waje abin da ake faɗa a bariki.

Kada ki tayar da hankalinki, kada kuma ki tayar da na Inna. Ki shafa min kan yarinya. Ki gaishe da duk mutanen gida.

Mijinki,
Zakaran bariki.

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarki ta iso, na ji daɗi da kika ce Inna ta fara zuwa bakin ƙofa da sanda, Allah ya ƙaro lafiya. Kin ce yarinya ta fara cizo, to ki ce ta bar min ko yatsa ɗaya. Ni ina nan, sai dai barci ya ragu.

Ministan tsaro ya mayar da martani, ya ce soja ba ya zaɓar inda za a aike shi. An cire Janar, an aiko mana da wani Kanar daga hedikwata, mai farin tabarau, ba ya amsa gaisuwa sai da kai. An ce tafiya tana nan, Asabar da safe. Bariki ya rabu biyu. A layin famfo mata sun daina aron bokiti. Waɗanda suke cewa a tafi suna wanki suna shanya, waɗanda suke cewa ba za su ba sun bar jakunkunansu a ɗaure yadda aka ba su.

Yayanki ya zo ɗakinmu. Ya zauna kan kujerar nan taki mai gurguwar ƙafa, ya ce ashe har yanzu ban gyara ta ba, wane irin miji aka ba ƙanwarsa. Na ji daɗin tsokanar, na ɗauka ya sauko. Sai ya tura ƙofa ya rufe.

Akwai wata doka da ba ki sani ba. Ba a kama soja da laifin ƙin fitowa fareti sai in an busa begila ya ji bai fito ba. In ba a busa ba, ba a kira kowa ba, ba wanda ya ƙi. Mu biyu ne masu busa, ni da wani Kofur, shi kuwa yana asibiti an yi masa aiki, ko tari ba ya iyawa. Saura ni kaɗai. Yayanki ya ce in ce leɓena ya tsage, ko bakin begilar ya ɓata. In safiya ta wuce, jirgi ya gaji da jira, dole manya su zauna su saurari abin da Janar ya faɗa. Ya ce shi dai ba zai ƙara jan yaran mutane cikin motar da sai an tura ba. Kullum in zai wuce, matar sojan nan da ya mutu a hannunsa a wancan zuwan sai ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaya ko an ji inda aka sa shi, shi kuma ya ce ana bincike. Ya ce ya gaji da wannan kalma. A ƙarshe ya ce ko na busa ko ban busa ba, shi ba zai shiga layi ba, in san wannan.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ba shi ruwa ya sha.

Washegari Samanja ya aiko a kira ni. Ya kama haɓata ya duba leɓena sama da ƙasa kamar mai sayen akuya, ya ce madalla, lafiyayyen baki. Ya buɗe durowa ya nuna min wani bakin begila sabo fil, wai ko da nawa zai yi ƙafa. Sannan ya sassauta murya ya kira ni ɗana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in begila ta yi shiru ranar Asabar, ba bataliya ce ta yi bore ba, mutum ɗaya ne, kuma kotun soja ba ta jin labarin leɓe. Kurkuku ne, a kuma fitar da kayan iyalina daga bariki.

Kin ga inda nake. In na busa, na kira Yayanki zuwa gadurum, ɗakin kulle soja, da bakina. In na ƙi, ni ne a ciki, ke da yarinya a titi. Jiya na tarar an zuba toka a bakin ƙofarmu, ban san ko wane ɓangare ne ba. Na share. 'Ya'yan Yayanki dai suna nan suna zuwa, ƙaramin yana ta naci in bar shi ya hura.

Ki yi min addu'a. Ban ce ki zaɓa min ba, ba zan ɗora miki wannan ba. Ki gaishe da Inna, ki ce aiki ne ya yi yawa.

Naki,
Zakara.

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da jiki, ina tambayar lafiyar yarinya. Daga filin jirgi nake rubuto miki, a kan jakata, an ce mu jira. Wani makanike zai ba direban burodi. Ina so ki ji daga gare ni kafin ki ji a bakin wani.

Na busa.

Da gari ya waye na fito filin fareti, ba kowa sai Kanar da Samanja da 'yan sandan soja a jikin motarsu. Ƙofofi duk a rufe, amma kowane labule akwai ido a bayansa. Yadda ake yi, ana busa kiran ne sau huɗu, mai busa yana juyawa kowace kusurwa, kuma duk wanda ya shiga layi kafin sautin ƙarshe ya mutu, bai makara ba. Ba wanda ya taɓa faɗa min tsawon da sautin ƙarshen zai yi. Sai na bar layin ɗakunan su Yayanki a ƙarshe.

Na farko, masu wanki suka fito da gudu. Na biyu da na uku, wasu suka biyo, suna tafe suna waiwaye. Da na juya na huɗu sai na gan shi. Yana zaune kan benci a ƙofar ɗakinsa, cikin cikakken kaki, takalmi yana ƙyalli, hannuwa a kan gwiwa. Yaransa na soja suna tsaye a bayansa, suna kallon ƙeyarsa.

Na cika ƙirji na kama sautin na riƙe. Ban taɓa riƙe shi haka ba. Na ga Kanar ya duba agogo, na ga Samanja ya matsa gabansa yana nuna masa wani abu a can gefe da ba kowa a wurin. Yayanki bai juya ba, ya ɗaga hannu ɗaya kawai ya yi wa yaran alama. Suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, wani yana kuka, wani yana jan jakar da ko kwance ta bai yi ba. Ina busawa ina roƙonsa da ido. Kunnena ya toshe, na ji gishirin jini a bakina, filin ya fara duhu daga gefe-gefe. Shi kuwa yana kallona, ba fushi a fuskarsa, ba komai. Sai iska ta ƙare min, Auta. Wallahi ba sakewa na yi ba, ƙarewa ta yi.

Kafin 'yan sandan soja su ƙaraso ya riga ya miƙe, ya kwance bel ɗinsa ya naɗe ya ajiye kan benci. Shi da wasu 'yan kaɗan aka tafi da su.

Da za mu hau mota Samanja ya ce in je gadurum in karɓo masa wani abu, na san ba abin da ya manta. Na tsaya a taga na yi sallama. Na ce Yaya. Na ce Saje. Yana zaune ya ba ni baya, bai amsa ba. Na tsaya har aka danna hon.

Ban san ko daidai na yi ba. Maganar Janar gaskiya ce, motar da ta kawo mu nan ma sai da muka sauka muka tura. In kin ji ba za ki iya amsa wannan takarda ba, ba zan ga laifinki ba. Inna kuwa, ke kika san lokacin da jikinta zai ɗauki labarin.

Saura abu ɗaya. An ba matar Yayanki umarni ta kwashe kayanta daga bariki kafin mako ya zagayo. Kafin in je gadurum na biya ta wajenta da jakata a kafaɗa, na tarar tana naɗe tabarma, yaran sun jeru a bango. Na ce ɗakinmu ba mai taɓa shi muddin ina bakin aiki, su shiga, in kin dawo ku san yadda za ku raba shi. Na miƙa mata makulli. Ta daɗe tana kallon hannuna, har na fara jin nauyinsa. Ba ta ce na gode ba, ba ta ce Allah ya kiyaye hanya ba. Amma ta karɓa.

An fara kiran suna. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki.