Fiffiken Hagun Jirgin Baba

Unguwar Dosa, Kaduna.
Ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Zaharaddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Harira ta haihu namiji, an raɗa masa Ila. Na zaɓi in rubuto ne in ba Ado direba ya kawo maka hannu da hannu, don na san halinka a waya: ka yi dariya, ka ce layi ba kyau, ka kashe. Takarda kuwa sai ka karanta.

Maganar jirgin Baba ce. Shekara tara yana haɗa shi a bayan gida tun da ya bar aikin gyaran jiragen sama, ƙashin ƙarfe da katako, fatarsa yadi. Ka fi ni sanin karatun da yake mana kullum, har muka haddace: rana ita ce maƙiyiyar yadi, tana cin zarensa a hankali ba a gani. Shi ya sa bayan an ɗame yadin sai an shafa fentin nan mai ruwan azurfa, shafi kan shafi, a sa tocila a cikin fiffike a tabbatar haske ba ya ratsowa, sannan a zo maganar launi. Da aka kai jirgin filin nan na bayan gari yana jiran izinin tashi, tamfol ɗinmu bai isa ya rufe fikafikan ba. Baba bai damu ba, ya ce azurfar ita ce rumfarsu. Shekara biyu da rabi jirgin yana tsaye a rana.

To, rana ba ta ƙarya. Watan jiya aka aiko mai dubawa. Baba ya sa farar rigarsa, ya gayyato tsofaffin abokan aikinsa, har da limamin unguwa. Mutumin ya ƙwanƙwasa fiffiken dama, ya yi ƙara kamar ganga. Ya danna na hagu da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya ja kaɗan, yadin ya biyo shi kamar tsohon zane. Ya kankare koren fentin a gaban kowa, babu ko ɗigon azurfa a ƙarƙashi. Ya tambayi Baba shekara nawa ya ce ya yi yana wannan aiki. Ina tsaye a wurin, Zaharaddeen. Na ga hannun Baba yana neman aljihun da zai ɓuya.

Da muka dawo gida ya kira ka a gabana. Ya ce shi dai abin da yake tunawa, zazzaɓi ya kwantar da shi a makon da ake fentin, ya bar maka na hagu. Kai kuma ka rantse masa cewa da hannunsa ya shafa kafin ya kwanta, kai kore kawai ka ɗora. Baba ya ce to. Ya yarda da kai, ya ƙaryata kansa.

Tun ranar Baba ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta fara tafiya. Ya daina tuƙi. Ya ce a nemi wani ya riƙa jan salla a madadinsa in liman ba ya nan, kada ya ɓata wa mutane ibada. In ya kulle ƙofa sai ya koma sau uku ya taɓa kwaɗon. Jiya ya tambayi Inna ko ya ci abinci, alhali ya san ya ci, so yake a tabbatar masa. Akwatin kayan aikinsa, wanda ko mu bai yarda mu taɓa ba, ya kyautar wa wani makanike a Rafin Guza. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu kai ka ja, tsoho yake jiƙewa.

Ranar Asabar na shiga gyara ɗakinka saboda baƙin da za su zo suna. A ƙarƙashin gadonka, bayan tsofaffin takalmanka, na jawo gwangwani huɗu na fentin azurfa, ko murfinsu ba a taɓa ɓallewa ba. Nan take na tuna. Makon ne kake ta rawar ƙafa kana son hoton jirgin da launinsa, ka haɗa da takardun neman aikin da kake taƙama da shi yanzu. Azurfa tana son kwanaki kafin ta bushe, kai kuma ba ka da kwanakin. Hoton ya yi kyau, ba laifi. Har yanzu yana rataye a falon Baba.

Ban gaya masa ba, kuma kada ka ɗauka tausayinka nake ji. Ba na jin ko kaɗan. In na faɗa, zai ce ina rarrashinsa ne, ko ina jin haushin ɗan lelensa kamar yadda ya saba cewa. Daga bakinka kaɗai zai yarda, tunda bakinka ne ya raba shi da kansa. Ya ce ran Litinin mai zuwa in kai shi asibiti a duba masa kai. Kana da kwana biyar. In ba ka kira shi ba zan kai shi, in zauna kusa da shi ana tambayarsa yau wace rana ce, kuma daga ranar ka cire ni daga cikin 'yan'uwanka.

Ka gaida Safiyya da yara, musamman Bilal. Inna tana gaishe ka, Harira ma haka. Baba ya ga ina rubutu ya tambayi wa nake rubuta wa. Ya ce in gaishe ka da kyau, kuma in roƙe ka ka yafe masa, wai ya lalata aikin da kuka sha wahala tare.

Yayarka,
Ummukulthum Sanda