Dirkar Tsohuwar Rumfa

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Allah ya yi wa boko albarka. Shekara talatin ina sayar da raga da ƙugiya a bakin kwatar Yawuri, ban san ina da tarihi ba, sai da ɗana Abdulƙadir ya dawo daga Birnin Kebbi da difloma ya sanar da ni. Wai manyan kamfanoni ba sa barin irin wannan shekara ta wuce shiru. Ashe kamfani ne ni. Rumfar kwano ce dai mai yoyo, amma kamfani.

Ya kama mana sabon shago a bakin titi: tayil, fanka, ƙofar gilashi. Ran Asabar za a buɗe, a haɗa da walimar cika shekara talatin. Har kalanda ya buga, da hotona ina kallon sama kamar mai neman kujerar kansila. Kulu ta duba ta ce, "Malam, wannan ai ya fi ka kyau." Matar mutum ke nan.

Alhamdu lillahi dai. Da jarin da bai cika aljihu ba na fara.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Abdulƙadir ya tambaye ni wa zai yanke jan ƙyallen ƙofa, ko a gayyato wani babba. Na ce babba ɗaya na sani, Ɗangana masunci na tsibirin da ke wajen Wara. Shi ya fara sayen raga a hannuna, kuma duk inda ya sayi kaya, nan mutanen tsibiri ke saye. Ba ya ciniki sai ya zagi ragar tukuna. Zai rataya bakinta a dirkar rumfata, itacen ƙiryar nan da ke riƙe da rufi, ya ja da baya har ta miƙe, ya zura yatsu cikin idonta, ya ce, "Shu'aibu, wagga ko kaza ba ta kamawa." Sannan ya saya. Da zaginsa na aurar da 'ya'ya biyu.

Asabar, 9 ga Nuwamba

An yi walima. Shinkafa ta isa kowa, liman ya yi addu'a mai kyau, na ji idona ya yi zafi, na ce hayaƙin murhu ne.

Sai abin da ya faru. Ɗangana ya sauko daga jirgi ƙafa jiƙe, ya yanke ƙyalle, ya tuɓe takalmi a ƙofa don girmamawa. Tayil kuwa an goge shi da sabulu da safe. Taku ɗaya, sai ga dattijo a ƙasa, hula can, almakashi can. Abokan Abdulƙadir suka fashe da dariya, wani ma da waya a hannu. Na ɗaga shi. Ya karkaɗe riga ya ce, "Shago na wanga ko asibiti?" Bai taɓa abinci ba ya koma kwata.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ranar kasuwa. Bai zo ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Yau ma. Jiragen tsibiri sun cika kwata, na gan su da idona, amma wurin wani mai raga suka yi dafifi. 'Yan kaɗan da suka hauro titi sun tsaya bakin gilashi suna kallon ƙafafunsu. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Alhaji, ina za mu ja raga?" Ragunan duk suna cikin leda, an jera su kamar magani. Abdulƙadir ya ce in an buɗe leda kaya sun zama tsofaffi. Mutumin ya ce to, Allah ya ba da kasuwa.

Na sha iskar fanka. Mabuɗin tsohuwar rumfa yana aljihuna, ban mayar wa sarkin kasuwa ba. In yaron ya gaji da kamfani, sai mu koma inda ake cin abinci. Abin da ke hana ni sukuni ba ciniki ba ne kawai. Mutumin da ya taka ƙofata saboda ni, a ƙofata aka yi masa dariya.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Abdulƙadir bai buɗe shago ba. Kulu ta ce ya shiga jirgin Wara da ƙullin goro. Wannan yaron da ko kwale-kwale ya gani sai cikinsa ya juya! Ban aike shi ba. Ban ma san ya lura ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Ya dawo fuska a zabge, ya yi amai zuwa da dawowa. Na tambaye shi me Ɗangana ya ce. Wai ya bar shi tsaye a rana yana gyaran komarsa ta kamun kifi, can ya ɗago ya ce, "Ubanka ya aiko ka?" Ya ce a'a. "To zamna."

Bayan sallar Juma'a ya ce, "Baba, ara mini mabuɗin rumfa." Wato ya san yana aljihuna. Na ba shi, ina jin daɗin cewa ya sallama.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Bai sallama ba. Dirkata ya tono, ya sa wata a madadinta, ya ɗauko ta a amalanke ya kafa a gaban sabon shago da siminti. Ya yi mata inuwar kwano, ya ajiye benci, ya shimfiɗa buhunan albasa daga ƙofa har ciki. Ya farke ledoji da hannunsa. Itace baƙi ƙirin, ya yi santsi saboda jan raga, a gaban gilashi. Muni kam ya yi muni.

Litinin, 2 ga Disamba

Ɗangana ya zo, mutanensa na biye da shi. Bai gaishe ni da kyau ba. Ya shafa dirka, ya rataya raga, ya ja da baya har sai da mai babur ya kauce masa a titi. Ya zura yatsu uku, ya dubi Abdulƙadir, ba ni ba, ya ce, "Ɗan Shu'aibu, wagga ko kaza ba ta kamawa."

Yaron ya ce, "Baba Ɗangana, kaza ai ba ta shiga ruwa. Guda nawa za a naɗe?"

Ya sayi biyu. Ni ina kan benci, ba wanda ya nemi bakina. Da zai tafi ya karɓi kalanda, ya ce zai rataya ta a jirgi don korar tsuntsaye.

Na gode wa Allah, na gode wa Allah. Da la'asar na bi ta wurin sarkin kasuwa na ajiye masa mabuɗin rumfa da yaron ya maido mini, nauyi yake mini a aljihu. Na shago kuma yana hannun Abdulƙadir, don dai ya fi ni sammako, ba wani abu ba.

Yaron da ya iya ba dattijo haƙuri, ya iya tone dirka, ya kuma iya karɓar zagi da riba, me ya rage in koya masa? Zaman benci?